Yadda ake warware babbar lamba da bik da takarda: misalin 1 267 000 da 655 957

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji a Damagaram, ko ya je karɓar kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Turai, ya san cewa yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan ɗigo. Cikakken farashin shi ne 655,957, kuma yana nan bai motsa ba tun ranar 1 ga Janairun 1999. Asalinsa mai sauƙi ne: bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100, sannan da yuro ya zo aka yanka masa faran 6,55957. Idan ka ninka farashin nan sau dubu, za ka samu lamba cikakka marar ɗigo, 655 957, wato kuɗin yuro dubu ke nan.

Wannan lambar za mu warware a nan, tare da wata da kowane ɗan lakwal ya haddace a darasin labarin ƙasa, 1 267 000, faɗin Nijar a murabba'in kilomita. Na haɗa su ne don halinsu ya sha bamban. Ta biyun ta fi girma kusan ninki biyu, amma yaro ɗan kwaleji zai kwance ta kafin shayi ya tafasa. Ta farkon kuwa, idan ka bi ta da hanyar da aka saba koyarwa, sai kayenka ya cika ba ka gama ba. Girman lamba ba ya nuna wuyarta. Abin da ke nunawa shi ne irin tubalan da aka gina ta da su, wato lambobin da aka ninka aka same ta, kuma kusan duk wani suna da masana lissafi ke laƙaba wa lamba daga tubalan nan yake fitowa.

Kafin mu shiga, a kula da rubutu. A nan ƙasar waƙafi yana raba lamba da ɗigonta, fili kuma yana raba dubbai. 'Yan'uwanmu na Kano da Katsina suna sa waƙafi a wurin da muke barin fili, don haka 655,957 a wurinsu dubu ɗari shida ne da ɗori, a wurinmu kuɗin yuro ɗaya tak. Ni dai fili zan riƙa bari.

Mataki na ɗaya: dubi wutsiyar lamba

Alƙalamin ƙarshe ya isa ya gaya maka cika ce ko mara. 1 267 000 ta ƙare da sifiri, cika ce. 655 957 ta ƙare da 7, mara ce, don haka 2 ba ta raba ta, haka ma 4 da 6 da 8 da duk wata lamba cika.

Gwajin 5 kuwa babu wanda zai koya wa ɗan Nijar, domin da shi muke ciniki kullum. Matar da ke sayar da tattasai a Kasuwar Dole tana raba kowane farashi da biyar a ka, tunda dala ɗaya tamma biyar ce. Jika 1 267 dala 253 400 ne daidai, babu saura. Amma 655 957 ba ta shiga dala: za ka samu dala 131 191, tamma 2 su yi saura. Wannan saurar ita ce shaidar cewa 5 ba ta cikin tubalanta.

Ga 4, alƙaluma biyu na ƙarshe ake dubawa, ga 8 kuma uku na ƙarshe, saboda 100 tana rabuwa da 4, 1 000 kuma tana rabuwa da 8. Sifiri uku a wutsiya na nufin akwai 1 000 a ciki, kuma 1 000 ita ce 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5. Ka ga tun ba mu yi rabawa ko ɗaya ba, aikin 1 267 000 ya ragu ya koma aikin 1 267.

Wutsiya tana ba da labarin murabba'i ma, wato lambar da aka samu ta ninka wata sau kanta. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, kuma idan ya ƙare da sifiri, to yawan sifirin cika ne. Lambobinmu duka biyu sun faɗi wannan gwaji, ɗaya saboda 7, ɗaya saboda sifirinta uku ne. Ka riƙe wannan ƙa'ida da kyau, za ta rage mana aiki a gaba.

Mataki na biyu: tara alƙaluman

6 + 5 + 5 + 9 + 5 + 7 = 37. Tunda 3 ba ta raba 37, ba ta raba 655 957, balle 9. Ɗayar kuma jimlarta 16, ita ma 3 ba ta shige ta.

A nan malaman rabon gado za su gane amfanin abin nan take. Da dukiyar mamaci sefa 1 267 000 ce, tumuni zai fita sarai, 158 375, rubu'i da rabi ma haka. Sulusi da sudusi kuwa ba za su fita ba sai da ɓalle, domin babu 3 a jikin lambar.

Mataki na uku: tsuntsu uku da jifa ɗaya

Gwajin 7 da 11 da 13 shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu, alhali akwai hanya guda da ke ɗauke su gaba ɗaya. Sirrin shi ne 7 × 11 × 13 = 1 001. Yanka lambar gida-gida, alƙaluma uku-uku daga dama, sai ka riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi. Abin da ya fito ka gwada shi da 7 da 11 da 13, duk wadda ta raba shi ta raba uwar lambar.

Ga 655 957: 957 − 655 = 302. Raba 302 da 7, saura 1. Da 11, saura 5. Da 13, saura 3. Babu ko ɗaya da ta shiga.

Ga 1 267 000: 000 − 267 + 1, ban da alamar ragi, 266 ke nan. 266 = 7 × 38. To 7 ta shiga, 11 da 13 ba su shiga ba. 1 267 ÷ 7 = 181.

Mataki na huɗu: san inda za ka tsaya

Yanzu saura 181. Tana rabuwa, ko kuwa tana cikin lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu? Waɗannan su ne malaman lakwal ke kira nombre premier, ni kuma zan ce musu gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29 da sauransu, waɗanda masanin lissafi Uƙlidis ya tabbatar ba su da iyaka tun shekara fiye da dubu biyu.

Ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da 181 ba. Idan lamba ta rabu biyu, dole ɗaya daga cikin ɓangarorin ya kasance bai wuce tushen murabba'inta ba, wato lambar da in ka ninka ta sau kanta za ka samu lambarka, don in duka biyun sun wuce shi, ninkinsu zai zarce lambar kanta. 13 × 13 = 169, 14 × 14 = 196, saboda haka a 13 za ka tsaya. 181 mara ce, jimlar alƙalumanta 10, ba ta ƙare da 5 ba, 7 ta bar saura 6, 11 ta bar 5, 13 ta bar 12. Gagara-rabo ce. An gama:

1 267 000 = 2³ × 5³ × 7 × 181

Sai mu koma ga mai taurin kai. 800 × 800 = 640 000, 810 × 810 = 656 100, 809 × 809 = 654 481. Ke nan tushen 655 957 yana tsakanin 809 da 810, kuma iyakar gwajinmu 809 ce. Ka ci gaba da rabawa: 17 ta bar saura 12, 19 ta bar 1, 23 ta bar 20, 29 ta bar 6, 31 ta bar 28. Haka za ka yi ta tafiya har 97 babu wadda ta shiga. A nan ne mutane da yawa ke ajiye bik su yanke hukunci cewa gagara-rabo ce. Kuskure ne babba, kuma shi ne kuskuren da na fi gani a wurin ɗalibai masu ƙoƙari: gajiya ba hujja ba ce. Muddin ba ka kai iyakar ba, ba ka da ikon cewa komai. Amma kuma wanda ya nace da wannan hanya zai yi rabawa 135 a banza kafin ta 136 ta ba shi amsa. Akwai hanyar da ta fi.

Mataki na biyar: dabarar Ferma

Piyer de Ferma alƙali ne a Tuluz ta ƙasar Faransa, lissafi kuwa abin sha'awarsa ne bayan ya tashi daga aiki. A wata wasiƙa ta wajen 1643 ya bayyana wannan dabara, kuma tushenta abu ne da kowane mai shirin jarrabawar BEPC ya haddace: a² − b² = (a − b)(a + b). Idan ka iya rubuta lambarka a matsayin bambancin murabba'i biyu, ka riga ka raba ta.

Mu ɗumama hannu da 2 021. Murabba'in da ke sama da ita kai tsaye shi ne 45² = 2 025. Bambancin 4 ne, wato 2². To 2 021 = (45 − 2)(45 + 2) = 43 × 47. Layi ɗaya.

Ga yadda za ka tsara shi a takarda. Ɗauki lambar farko da murabba'inta ya haura lambarka, ka kira ta a. Ɗebe lambarka daga a². Duba ko abin da ya rage murabba'i ne. In ba shi ba ne, ƙara 1 a kan a ka sake.

Layi na farko: a = 810. 656 100 − 655 957 = 143. Ta ƙare da 3, ba murabba'i ba ce, ko lissafawa ba sai ka yi ba.

Layi na biyu: a = 811. Ba ka bukatar sabuwar ninkawa mai tsawo, domin daga a² zuwa (a + 1)² abin da ke ƙaruwa 2a + 1 ne. 2 × 810 + 1 = 1 621. Sai 143 + 1 621 = 1 764. Ta ƙare da 4, tana iya zama murabba'i. 40² = 1 600, 42² = 1 764. Alhamdu lillahi.

655 957 = 811² − 42² = (811 − 42)(811 + 42) = 769 × 853

Layi biyu maimakon 136. Dalilin shi ne 769 da 853 maƙwabtan juna ne, dukansu suna kusa da tushen lambar, kuma dabarar Ferma daga tushe take farawa ta yi waje, yayin da rabawa ɗaya-ɗaya ke farowa daga can ƙasa. Wannan kuma shi ne rauninta. Da ka bi 1 267 da ita, sai ka taso daga 36 har 94, layi 59, kafin ka ga 94² − 87², a kan lambar da 7 ta raba tun a mataki na uku. Shawarata ita ce ka fara da ƙananan gagara-rabo har wajen 31, in ba su shiga ba ka ba Ferma layi goma ko sha biyar, in shi ma bai ce komai ba ka koma rabawa.

Kada ka manta da tabbatar da tubalan kansu. Tushen 769 bai kai 28 ba, kuma 7, 11, 13, 17, 19, 23 duk sun bar saura. Tushen 853 ya ɗan haura 29, kuma har 29 babu wadda ta shiga: 29 × 29 = 841, saura 12. Dukansu gagara-rabo ne. Lambar da aka gina da tubali biyu kacal irin wannan ana ware mata aji nata, rabin gagara-rabo.

Sannan ka yi gwajin tara da muka koya tun a firamare. 769 ta ba da 22, ta koma 4. 853 ta ba da 16, ta koma 7. 4 × 7 = 28, ta koma 10, ta koma 1. 655 957 ta ba da 37, ita ma ta koma 1. Sun yi daidai. Gwajin ba ya kama kowane kuskure, wanda ya juya alƙaluma biyu zai tsallake shi, amma yana kama mafi yawansu.

Mataki na shida: ƙirga masu raba ta

Daga nan aikin gangara ne. Ɗauki yawan zuwan kowane tubali, ƙara 1, ka ninka su. A 1 267 000, 2 ta zo sau uku, 5 sau uku, 7 sau ɗaya, 181 sau ɗaya: 4 × 4 × 2 × 2 = 64. Ƙarin 1 ɗin nan saboda kana da zaɓin ƙin ɗaukar tubalin gaba ɗaya. Lambobi 64 ne ke raba ta ba saura. 655 957 kuwa 2 × 2 = 4 ne kawai: 1, 769, 853 da ita kanta. Da za a raba kuɗin yuro dubu daidai wa daida har zuwa tamma, sai dai a tara mutum 769 ko 853.

Akwai wani abu da ke fitowa daga nan wanda ɗan canji ya sani a aikace ko da bai taɓa lissafa shi ba. Farashin yuro shi ne 655 957 bisa 1 000. Ƙasan an gina shi da 2 da 5 zalla, saman kuma ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, don haka ba a iya rage wannan kason. Sakamakon shi ne babu adadin yuro cikakke da zai ba ka sefa cikakka marar ɗigo sai dubu, dubu biyu, dubu uku, haka. In kuwa dala cikakka kake so, sai yuro 5 000, wanda ya kama sefa 3 279 785. Duk wani canji da ke ƙasa da haka sai an datse wutsiya.

Mataki na bakwai: mai rara ce, mai giɓi, ko kammalalla

Wannan rabe-rabe tsoho ne, masanin lissafi Nikomakus ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya, malaman lissafi na Bagadaza kuma suka ɗauka suka faɗaɗa. Tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, kammalalla ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3, da 28, da 496, da 8 128. In ta wuce, mai rara ce. In ta gaza, mai giɓi.

655 957 ba ta da wahala: 1 + 769 + 853 = 1 623. Giɓinta ya yi yawa ƙwarai.

Ga 1 267 000 ba sai ka jera lambobi 64 ba. Yi wa kowane tubali tasa jimlar, sannan ka ninka: (1 + 2 + 4 + 8) × (1 + 5 + 25 + 125) × (1 + 7) × (1 + 181) = 15 × 156 × 8 × 182 = 3 407 040. Cire lambar kanta, saura 2 140 040, wanda ya fi 1 267 000. Mai rara ce. In suna kawai kake nema ba jimla ba, akwai yanke: duk lambar da wata mai rara ta raba, ita ma mai rara ce. 20 mai rara ce, tunda 1 + 2 + 4 + 5 + 10 = 22, kuma 20 ta raba lambarmu. Shi ke nan.

Kammalallu kuwa ba su da yawa, 52 aka sani zuwa ƙarshen 2024, dukansu cika. Ba a taɓa samun mara ko ɗaya ba, kuma ba a tabbatar da cewa babu ba. Akwai kuma lambobi aminan juna, irin 220 da 284, inda jimlar masu raba kowacce ke ba da 'yar'uwarta. Sabit bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar samo irinsu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Mataki na takwas: lambobi nawa ne ba su haɗa komai da ita ba

Wannan ƙidayar masanin lissafi Oila ce: daga 1 zuwa lambarka, nawa ne ba su da tubali ko ɗaya iri ɗaya da nata? Ga gagara-rabo da ta zo sau ɗaya, ɗebe 1. Ga 655 957, 768 × 852 = 654 336. Ga ɗayar, 8 tana ba da 8 − 4 = 4, 125 tana ba da 125 − 25 = 100, 7 tana ba da 6, 181 tana ba da 180, ninkinsu 432 000, kusan sulusin lambar kawai.

Mataki na tara: tana zama jimlar murabba'i biyu?

Wannan shi ne wurin da na fi jin daɗi. Raba kowane tubali mara da 4 ka dubi saura. Wanda ya bar 1 yana rubutuwa a matsayin murabba'i biyu da aka tara, kamar yadda Ferma ya faɗa a 1640, Oila kuma ya kawo hujjar bayan shekara ɗari da 'yan kai. Wanda ya bar 3 ba ya rubutuwa, kuma in ya zo a jikin lamba sau ɗaya ko sau uku, ya hana ta baki ɗaya. 7 ta bar 3, ta zo sau ɗaya, don haka 1 267 000 ta fita.

769 da 853 kuwa duka sun bar 1. 769 = 25² + 12², 853 = 23² + 18². Don haɗa su, ninka a miƙe ka ɗebe, ninka a gicciye ka tara: 25 × 23 − 12 × 18 = 359, sannan 25 × 18 + 12 × 23 = 726. Juya alamomin kuma ka samu 791 da 174. Duba da kanka:

359² + 726² = 128 881 + 527 076 = 655 957
791² + 174² = 625 681 + 30 276 = 655 957

A nan akwai wata hujja a ɓoye: gagara-rabo ba ta rubutuwa haka sai ta hanya ɗaya. Duk lambar da ka samu ta hanya biyu daban, ka tabbata tana rabuwa ko ba ka ga tubalanta ba tukuna.

Mataki na goma: yadda kwamfuta ke ganinta

Ga masu karatun kwamfuta a Jami'ar André Salifou, a taƙaice. Ɗebe mafi girman ninkin 2 sau kanta, ka ci gaba: 655 957 = 524 288 + 131 072 + 512 + 64 + 16 + 4 + 1. A tsarin 0 da 1 ta zama 10100000001001010101, gurbi 20. Haɗa su huɗu-huɗu ka samu A0255 a tsarin sha shida.

Idan lamba ta fi ƙarfin hannu

Rabin gagara-rabo ba wasan malamai ba ne kawai. Tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977 kuma ake tsare saƙonnin banki da na intanet da shi, ya dogara ne a kan ninka gagara-rabo biyu masu ɗaruruwan alƙaluma. Ninkawar ba ta da wuya, warwarewar ce ke gagarar na'ura, kuma da ƙidayar Oila ta mataki na takwas ake fitar da mabuɗin ɓoye. Masu ƙera makullan suna kiyaye kada tubalan biyu su yi kusa da juna, saboda abin da ka gani da idonka a mataki na biyar. Gagara-rabo mafi girma da aka gano a Oktoban 2024, wato 2 da aka ninka sau kanta sau 136 279 841 aka ɗebe 1, tana da alƙaluma 41 024 320.

Wanda ke son gwada hannunsa, ga lambar da Ferma da kansa ya yi misali da ita: 2 027 651 281. Fara daga a = 45 030, ragowar farko 49 619. Ƙara 90 061, sannan 90 063, sannan 90 065, kowane layi ƙarin yana hawa da 2. Watsar da duk ragowar da ta ƙare da 2, 3, 7 ko 8. Amsar tana layi na goma sha biyu.